Ajans ɗin da ta kai Innata Makka, shekara uku da rabi muna bin kujera ɗaya

Assalamu alaikum jama'a. Tunda aka fara zancen rajistar maniyyata mutane suka dame ni da tambaya, wai ya ajans ɗin da ta kai Innata take, su kai kuɗinsu can ko su nemi wata. Jiya ma a Kasuwar Dole wani abokina ya tare ni yana cewa kai dai ce min eh ko a'a in wuce. Nace masa ai shekara uku da rabi ba ta shiga cikin eh ko a'a, bari in samu wuri in zauna in rubuta kowa ya karanta ya yanke ma kansa. Suna kam ba zan kama ba, mai ajans ɗin dattijo ne kuma har yau akwai gaisuwa tsakaninmu, wanda yake so ya same ni a gefe. In maki kuke jira, uku na basu cikin biyar, kuma zan faɗi inda biyun suka zube.

Kujerar nan asali ba ta Inna bace, ta Baba ce. Baba baduku ne, a Birni aka haife shi kuma nan yayi rayuwarsa yana ɗinkin fata, jaka, takalmi, kube, gidan laya, duk wanda ya san aikin dukawan Damagaram ya san ba sana'ar da ake tara miliyan da ita bace balle yanzu da kayan roba suka cinye kasuwa. Amma tun ina lakwal nake jin shi yana cewa in Allah ya yarda sai ya ga Ka'aba da idonsa. Duk shekara zai sayi rago biyu ko uku ya kiwata ya saida da layya, ya juya kuɗin ya sayi ɗan maraƙi, haka haka har a ƙarshe ya haɗa da 'yar gonar da ya gada a hanyar Mirya ya saida. Ƙarshen 2019 muka ɗauki kuɗin cikin baƙar leda, miliyan biyu da 'yan kai, ni ina tuƙa babur shi yana baya ya rungume ledar a cikin riga kamar jariri.

Nan zan fara yaba musu. Akawunsu ya ƙirga kuɗin sau biyu a gabanmu, ya rubuta rasit ya buga hatimi, ya shigar da sunan Baba cikin babban littafi ya juyo mana da shi muka gani. A lokacin na ɗauka ba komai bane, ashe wannan 'yar takardar ita zata riƙe mu. Da muka koma gida Baba ya ɗauko wata jar fatar akuya da ya daɗe yana ɓoyonta, ya zauna kwana biyu ya ɗinka ma kansa 'yar jakar ratayawa a wuya daidai girman fasfo, da wani ƙaramin aljihu a ciki na guzuri, ya sa rasit ɗin a ciki ya rataye a ƙusa saman gadonsa. Abokansa na majalisa tun ranar suka fara ce masa Alhaji, shi kuma yana cewa ku bari a je tukuna.

Sai korona. Ƙarshen Fabrairun 2020 Saudiyya ta rufe umara, muka ce ai kafin hajji an buɗe, cikin Yuni suka sanar cewa ba wanda zai shigo daga waje, 'yan tsirarun da ke zaune cikin ƙasar kaɗai suka yi. 2021 ma haka, mutum 60,000 kuma duk mazauna can. Wannan ba wanda zai ɗora ma ajans, duniya ce gaba ɗaya ta tsaya. Abinda na riƙe su da shi shine shiru. Shekara biyu cur ba wanda ya ɗaga waya ya kira tsohon nan yace Baba kuɗinka na nan lafiya, ga halin da ake ciki. A rediyo muke jin komai. In na kira lambar ofis ko a kashe ko ta yi ta ƙara, in na je sai in tarar da wani yaro yana danna waya, duk tambayar da nayi masa amsa ɗaya ce, "sai Allah ya yi". Kuɗin suna banki ko suna hannunku? Sai Allah ya yi. In muna so mu karɓa za a bamu? Sai Allah ya yi. Ranar dai na kasa haƙuri nace masa malam buɗe Makka kam sai Allah ya yi, amma amsa waya kai zaka yi. Wlh abin nan yana ci min rai a wurin mutanenmu, mutum ya ƙi yin aikin da aka biya shi sannan ya fake da ƙaddara, kai kuma in ka matsa a ce baka da tawakkali.

Gaskiya ɗaya dai, da na samu ganin shi mai ajans ɗin da kansa ya zaunar da ni yace ɗana kuɗin mahaifinka suna nan, in kuna so gobe a baku ba a cire ko dala ba. Kuma na san waɗanda suka karɓi nasu cif, don haka ba cika baki yayi ba. Ni na so mu karɓa mu sayi shanu su yi ta haihuwa kafin a buɗe. Baba yace a'a. Yace kuɗin da na riga na ce na Allah ne ba zan maido su gida ba, in suka shigo gidan nan ciwo zai ci, biki zai ci, ku bar su can.

2022 aka buɗe, mutum miliyan ɗaya, kowace ƙasa aka bata ƙasa da rabin kujerun da ta saba samu, dama ƙa'idar ita ce kujera dubu ga kowane miliyan ɗaya na musulmin ƙasa. Muka fara murna tunda mu tsofaffin biya ne muna gaba a layi. Sai ga sharaɗi, allurar korona, gwaji kafin tashi, da kuma wanda ya kashe mu, sai wanda bai haura shekara 65 ba. Baba a takarda 1955 aka rubuta masa, wato 67. Shekara biyun nan da korona ta cinye su ne suka fitar da shi.

Akwai wanda ya raɗa min, ba daga cikin ajans ɗin ba, wai akwai hanyar da za a gyara shekarun a takarda in an ɗan motsa hannu. Na kawo ma Baba zancen da dare ina ta kwana-kwana. Bai ko ɗago daga ɗinkin da yake ba yace, in je ɗakin Allah da ƙarya a wuyana? Shikenan maganar ta mutu. Da na gaya ma mai ajans shima cewa yayi ko kun kawo min irin wannan takarda ba zan karɓa ba, kuma wannan na sa shi cikin abinda na basu maki a kai.

Ranar Arfa ta shekarar Juma'a ce, 8 ga Yuli. Muna zaune ana nuna filin a talabijin, fari fat da mutane ana ta labbaika, Baba ya kalla kamar minti biyar ya tashi ya shiga ɗaki. Na bi shi na tarar yana zaune bakin gado jakar nan a hannunsa yana shafa mata mai kamar yadda yake ma sabon aiki. Bai ce komai ba nima ban ce ba.

Zan faɗi abinda ke raina a lokacin ko da ba daɗin ji, Allah ya yafe min. Akwai wani a unguwarmu da kowa ya san yadda ya samu kuɗinsa, zuwansa huɗu, umara kuwa kamar zuwa Maradi. Ga mutum ya yi shekara da shekaru yana huda fata da basilla har yatsunsa sun kanta, bai taɓa cin na kowa ba, asuba bata taɓa wuce shi a masallaci ba, shi kuma ƙofa sai rufewa take a fuskarsa. Na kasa gane lissafin. Kuma masu zuwa ba da haƙuri wasu ƙara min zafi suke, kowa "kira ne bai zo ba", a faɗe shi da sauƙi kamar ana gaya maka farashin tumatir.

Wanda ya ɗan sanyaya min shine malamin da ajans ɗin ta ɗauka yana ma maniyyata bita, kuma in akwai dalili ɗaya da zai sa in ce ku je wurinsu to shine. Mutumin nan ba aikinsa bane amma ya tako har gida ya duba Baba. Shi ya tuna mana Hudaibiyya, shekara ta 6 bayan hijira, Manzon Allah SAW ya fito da sahabbai wajen 1,400 sun ɗaura harami sun koro dabbobin hadaya, suna dab da Makka aka tare su, aka yi sulhun da a ido kamar an ƙware su, suka juya ba su yi ɗawafi ba. Har Sayyadina Umar ya kasa daurewa ya je yana tambaya, ba ka ce mana za mu je Ɗakin mu yi ɗawafi ba? Aka ce masa, na ce maka bana ne? Shekara ta zagayo suka je. Malam yace in Umar ya ji zafin juyowa har ya yi tambaya to ku waye da ba za ku ji ba, jin zafin ba shine laifi ba, a dai kama harshe. Baba yayi murmushi yace to Malam Allah ya sa namu ma baɗin ne.

Farkon Janairun 2023 Saudiyya ta sanar an cire maganar shekaru, an koma yadda ake da. A rediyo Baba ya ji da kansa, ya aiko yaro ya kira ni daga kasuwa, na zo na same shi ya sauko da jakar yana duba ko fasfo bai mutu ba. Kwana goma bayan nan cikin tsakiyar sanyin hunturu ya kwanta da tari da zazzaɓi, muka kai shi likita, kwana uku Allah ya karɓi abinsa.

To ni dai har yau ban san me zan ce a kan wannan ba. An karanta min ayar nan ta Baƙara cewa ta yiwu ku ƙi abu alhali shine alheri gare ku, Allah ya sani ku baku sani ba, na yarda da ita ɗari bisa ɗari, amma in nace na gano alherin da idona nayi ƙarya. Malamai sun ce wanda ya yi niyya ta gaskiya uzuri ya tsare shi yana da ladan niyyarsa, da wannan nake rarrashin kaina in abin ya taso min. Wata rana ya isa, wata rana sai na tashi na yi alwala.

Kuɗin sun zama gado. Mu bakwai muka zauna da wanda ya raba mana, kowa yace ya yafe rabonsa a ba Inna kujerar. Nan kuma ajans suka nuna min fuska biyu. Canza suna ba su wahalar da mu ba, takardar rasuwa da sa hannun magada kawai suka nema, mai ajans ya zo gaisuwa da kansa har da buhun shinkafa. Amma ciko da aka ce mu kawo ya haura miliyan, naji kuɗin hajji ya tashi ko'ina kuma ba su ke yanke farashi su kaɗai ba akwai COHO, hukumar gwamnati mai kula da hajji da umara, a sama, sai dai ace mutum ya ajiye maka kuɗi shekara uku suna hannunka ko ragin jika hamsin baka yi masa ba, kuma sai saura sati biyu a rufe sannan ka gaya masa adadin, wannan bai yi ba. Sai da ƙanwata ta saida 'yan kunnenta na zinari ni kuma na saida babur ɗin nan da muka kai kuɗin a kansa. Ga Inna tana cikin takaba, wata huɗu da kwana goma, fita sai ta larura da rana, nayi ta roƙonsu su haɗa mata hoto da allurar sanƙarau da sauran takardu a fita ɗaya ko biyu, sai da suka sa ta fita sau biyar saboda yau an manta kaza gobe mai kaza bai zo ba. Ƙarshen Mayu ta fita takaba, ko sati biyu ba a yi ba aka ce su taho Yamai.

Tafiyar Yamai kun san ta, kusan kilomita 900, Maradi, Ƙonni, Dogon Dutsi, Doso, tsohuwa a cikin bas tun asuba har dare. An ce mana jirgi washegari, sai da suka kwana uku. Jinkirin jirgi ban ɗora musu ba, amma inda aka sauke su tabarma ce a tsakar wani gida da banɗaki biyu ga mutum fiye da sittin, kuma ba wanda ya zo ya yi musu bayani, ni da na raka ta ni na koma mai sayo ma tsofaffi ruwa da burodi. In zaku bi su ku riƙe kuɗin kwana uku a Yamai a aljihu daban, kar ku taɓa guzuri.

Can kuma labarin da Inna ta kawo gauraye ne. Madina ta yaba sosai, masauki kusa, da ƙafa take zuwa kowace salla, kwana takwas ɗinsu cif. Makka ne aka kai su nesa, sai an hau mota, a takardar talla an rubuta kusa da Harami, ita kuma tace kusan nan ko a Damagaram ba a kiran shi kusa, kamar daga Birni ne ka wuce tasha ka ci gaba. Mutum biyar a ɗaki. Abinci shinkafa da kaza har ta gundure su, sai da suka gano matan da ke saida tuwo da miyar kuka a bayan masaukin sannan ranta ya dawo. Arfa ta kama Talata 27 ga Yuni, zafi ya haura digiri 45, alhazai sama da miliyan 1.8, a Muzdalifa suka yi ta jiran mota har rana ta ɗaga sosai, wannan kam alhazan ƙasashe da yawa sun sha shi a shekarar ba namu kaɗai ba. Abinda ba zan manta ba shine malamin nan. Inna tace da ƙafafunta suka kumbura a Mina shi ya karɓi wakilcin jifa ya yi mata, shi ya nemo keken guragu ya tura ta a ɗawafin ifada da hannunsa bai karɓi ko riyal ba, kuma duk dare sai ya bi tanti tanti ya ƙirga tsofaffinsa da suna. Lambar ofis a nan gida kuwa duk kwanakin nan a kashe take kamar kullum, ta wayar malam muke jin muryarta.

Ta so ta yi ma Baba hajjin, aka gaya mata sai wanda ya sauke nasa yake yi ma wani. Don haka bayan an gama ta sa malam ya raka su Tan'im, masallacin Nana A'isha, ta ɗauko niyyar umara da sunansa. Tace min tana ɗawafin jakar tana wuyanta a ƙarƙashin hijabi, rasit ɗin 2019 yana ciki har lokacin da sunansa a jiki, da ta zo saitin Ka'aba sai ta fito da ita ta ɗaga sama kaɗan, ita ma bata san me yasa ta yi hakan ba. Da take bani labarin bata yi kuka ba, ni ne na fita waje.

Sun sauka Yamai saura 'yan kwanaki a yi juyin mulkin 26 ga Yuli da aka rufe iyakoki, mutane suka yi ta cewa kun ga ikon Allah da an makara da sun maƙale. Haka ne. Jakarta ɗaya kuma ta ɓace da duk tsarabar jikoki a ciki, na yi zarya ofis ya fi sau goma, sai bayan wata biyu ta fito, an farke gefe dabino duk ya narke a kan sallaya. Da na tambayi yaron nan wa zai biya, kun san amsar da ya bani.

Don haka ga mai tambaya, amanar kuɗi suna da ita, wannan na shaida, kuma ba sa wasa da takardun ƙarya. Kafin ka biya ka tambaya ko malamin bitar nan yana cikin tafiyar bana, in ba ya ciki ka rage maki ɗaya daga ukun da na bayar. Ka sa a rubuta maka sunan masaukin Makka a jikin rasit, ka ba wani yaro ya duba maka nisan a waya. Ka karɓi lambar mai ajans ɗin ta kansa, ta ofis ado ce. Kuma rasit ka yi masa hoto ka ajiye a wuri biyu.

Jakar Baba tana nan a ƙusarta saman gadon. Watan jiya na shiga gaida Inna na ga kamar ta yi nauyi, na buɗe na tarar da jika goma sha biyar a ƙaramin aljihun, kuɗin ƙuli-ƙuli da man gyaɗa da take yi. Nace Inna wannan fa? Tace na kujerarka ne, in ka sauke naka sai ka koma ka yi ma babanku. Nace Inna kin san nawa kujera take yanzu kuwa? Tace shi da rago biyu ya fara, maida min jakata inda ka ganta.